Matajin Ayi Dai

Ƙarfe shida na safe Dai Suzhen take buɗe ɗan shagonta a birnin Prato, inda 'yan China da yawa suka yi ƙaura suna aikin ɗinki, ta ɗora tukwanen turara burodi mai nama a ciki. Kafin bakwai ta sallami masu saurin zuwa wurin ɗinki. Daga nan sai ta wanke hannu, ta fito da kujera 'yar tsugunno da mataji. Tuni 'yan matan makaranta sun yi layi, kowacce kai a yamutse, domin iyayensu mata sun hau keken ɗinki tun ba su farka ba. Shekara ashirin da biyu ke nan tana gyara musu kai kyauta, su kuma suna kiranta Ayi, wato gwaggo.

"Zauna, sarkin barci! Wannan kai ne ko sheƙar tsuntsu?"

Ita kanta Suzhen da askin maza ta girma. Tana shekara huɗu mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta tafi birni aikin masana'anta, aka bar ta da kakanta a wani ƙauyen Wenzhou, can China. Tsohon bai san kitso ba, sai ya kifa mata kwano a ka, ya datse duk abin da ya leƙo. In tana ba da labarin dariya take har da hawaye. Amma ta taɓa cewa har ta kai sha biyar ba wanda ya sa hannu a kanta sai da almakashi.

Bara aka dawo da wata yarinya Xiaoman, 'yar shekara tara, wadda tun tana jaririya aka kai wa kakarta a China. Wata uku cur ba ta kira uwarta, Pan Lifen, da Mama ba. Lifen ta zo shagon ido jajir.

"Yaya Dai, na haƙura. Ƙarshen wata zan mayar da ita. Ke take yi wa hira, ni kuwa kallon baƙuwa take min."

Washegari sai ga Suzhen da hannun dama naɗe cikin bandeji, wai tururi ya ƙona ta. Ta ce manyan yara su taje wa ƙanana, Xiaoman kuwa ta je ta kira uwarta. Lifen ta zo a guje, zare duk a jikin riga.

"Haba Yaya, riguna ɗari biyu na jirana! Ni ban ma iya ba."

"Su jira. Ke da kike ɗinka zif ido rufe, gashi kashi uku ne zai gagare ki?"

Kitson ranar farko ya fito a karkace kamar jelar akuya, yara suka yi ta tiƙar dariya. Haka aka yi ta yi kowace safiya. A rana ta biyar matajin ya sarƙe, Lifen ta ja.

"Wayyo, Mama, a hankali mana!"

Lifen ta sandare, hawaye na zuba a kan gashin 'yarta. Suzhen ta leƙo daga bayan tukwane.

"Ƙara ja, ko za ta sake faɗa!"

Nan take ta warware bandejin a gaban kowa, hannu lafiya lau, ko tabo babu. Xiaoman tana nan Prato har yau.

Ayi, ke ce uwar safiyar yaran unguwarmu. Ke ce wadda kaɗaici ya rena, kika hana shi renon 'ya'yan wasu. Ƙarshen watan nan za ki huta, yatsu sun fara ƙagewa da gaske. Mun gode, mu da muka zauna a gabanki da iyayenmu da ba su samu zama ba.

Mu kuma saura, duk yarinyar da muka gani ba a taɓa kanta ba yau, mu kira ta mu taje mata. In kuwa uwarta na kusa, mu nemi bandeji.