Batirin da ke Gindin Firji

Mma Sadiatu ba ta taɓa son kwalekwalen nan ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. A bakin ruwan Yeji aka haife ta, can Gana, ta yi ƙuruciyarta tana kwarfe ruwa daga jirgin mahaifinta da ƙwarya har tafin hannunta ya yi kanta. Da ta zo Manchester ta kama aikin girki a makarantar firamare, ta ɗauka ita da jirgi sun rabu ke nan. Sai ga mijinta Ziblim, direban bas, ya yi ritaya ya sayo ɗan kwalekwale mara rufi, ya ɗaure shi a kanal, wato ginannen rafin da ya ratsa gari, kusa da Hulme. Ta ce masa tsufa ne ya zo masa da rigima.

Jirgi mara rufi a garin da ruwan sama ba ya hutu, ai neman aiki ne. Ziblim ya sa masa ɗan famfo a ƙasa, wanda da ruwa ya taru sai ya tashi da kansa ya zuƙe. Amma famfo da batir yake aiki, farantin sola kuwa a lokacin sanyi ado ne kawai. Saboda haka batir biyu ya ajiye: ɗaya a jirgi, ɗaya a kan caji a kicinsu na Whalley Range, gindin firji, ya tare mata wurin buhun shinkafa. Duk Asabar zai musanya su, ya zuba ruwa cikin jirgin da gangan, ba ya tafiya sai ya ji famfon ya yi gurnani.

Da shigowar sanyi Allah Ya yi masa rasuwa. Sadiatu ta shiga takaba, tsofaffin matan jama'arsu suka kafa mata doka: in ba asibiti ba, kada ta taka waje. Tana zaune a kan darduma, ruwa na dukan taga, hankalinta na can kanal. Kunya ta hana ta faɗa. Mace mijinta ya rasu, a ji ta tana zancen batir? Amma ta san in kwalekwalen ya nutse, abu na ƙarshe da Ziblim ya yi wa hidima da hannunsa ya tafi.

A ƙarshe ta roƙi 'yarta Faridatu, mai karatun jinya da ke zaune a Selly Oak ta Birmingham, ta zo ta musanya batirin. Faridatu ta karɓa ba da son ranta ba, don ita a ganinta a sayar a huta. Ranar Asabar ta zo a jirgin ƙasa, ta sa batirin kicin a keken cefane, ta je ta musanya, ta koma. Ba ta zuba ruwan gwaji ba, ba wanda ya gaya mata. Ashe tun ranar sadakar uku masu girkin makoki suka zare cajar, suka jona tukunyar shinkafa a soket ɗin. Wa zai ga laifinsu? Gida cike da baƙi, kowa da cikinsa.

Ana tsakiyar mako Sadiatu ta sunkuya ɗauko albasa, ta ga wayar cajar yashe a ƙasa. Mataccen batir aka kai, kuma tun Lahadi ake tsuga ruwa. Ta jona wanda aka dawo da shi, ta kira Faridatu.

Washegari yarinyar ta isa kanal da batirin da bai gama cika ba, ta tarar da jirgin ya yi ƙasa. Nan take ta kira mahaifiyarta a waya.

"Mma, ruwa ya kusa seat. Bari in haɗa pump ɗin kawai."

"Kada ki haɗa tukuna, zai shanye batirin kafin ya gama. Duba ƙarƙashin bencin gaba, akwai ƙwaryar Babanki. Durƙusa a tsakiya, kada ki tsaya."

Ta waya ta koya mata kwarfar Yeji: da ƙugu ake watsawa, ba da kafaɗa ba. Tana zaune a kicin tana sauraron facal-facal ɗin ruwa, in ta ji sauri ya yi yawa ta ce a sassauta. Sai da ruwan ya koma iya idon sawu ta bari aka haɗa. Famfon ya yi gurnani, ya zuƙe sauran ruwan. Daga ranar Faridatu ba ta ƙara zancen sayarwa ba, soket ɗin gindin firji kuma ya samu mai gadi. Ko babbar aminiyarta ce ta doshi wurin da butar lantarki, sai ta ji "Ba nan ba, Hajiya."

Ranar da ta fita takaba, bazara ta fara leƙowa. Ta yi wanka ta sa sababbin kaya, mata na jiran ta fara zagayen godiya gida-gida yadda aka saba. Ta ce za ta yi, amma akwai inda za ta fara zuwa. Da kanta ta ja keken cefanen har bakin kanal, Faridatu na biye da ita, ta musanya batir, ta ɗebo ruwa da ƙwarya ta zuba. Famfon ya amsa. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ba ta share ba.

Duk roƙon da Ziblim ya yi mata yana raye, ba ta taɓa sa ƙafa a jirgin nan ba. Ta tattare zanenta, ta shiga, ta zauna a bencinsa.

"Faridatu, kwance igiyar."