Ranar da Na Kira Kurungu

Mahaifina masunci ne a Nguru, kuma cikin 'ya'yansa ni kaɗai na rayu. Da ya rasa ɗa namiji da zai bai wa sirrin ruwa, sai ya ba ni. Ba yabon kai ba, ko yau ka ɗora mini kifi a tafin hannu, ido rufe zan faɗa maka sunansa.

Cikin abin da ya koya mini har da kiran kurungu. Kifi ne mai ƙaya, mai gurnani. Duk wanda ya taɓa cire shi daga koma ya ji shi yana ƙur-ƙur kamar tsohon da aka tasa daga barci. Baba yana da wani ɗan gora da ya yi wa tsaga-tsaga a wuya. Sai ya nutsa gindinsa cikin ruwa, ya riƙa goga masa kara. Sautin da ke fita, sak na namijin kurungu.

Da rani ko wuni ka yi kana gogawa, babu wadda za ta kula ka. Amma in sabon ruwa ya shigo fadama, matan sun ɗauki ƙwai, sai ka ga ruwa na motsi, suna tahowa har suna gugar ƙafarka.

Na ce, "Baba, da rani kurame ne?"

Ya ce, "Kunnen na nan, 'yar nan, kan ne ke juyawa. Kiran da jiya ta ji ta wuce, yau shi kaɗai take ji a duniya."

Aikin goran ɗaya ne: sanin lokacin da za a bar su su hayayyafa. Ranar da suka amsa, ranar Baba ke kwashe komarsa daga wannan mashigi, ba ya komawa sai 'ya'yan kifi sun kai tsawon yatsa.

Aure ya kai ni Gashuwa, na kama bandar kifi, goran yana ƙasan adakata. Ƙanen mijina shi ke kawo mini ɗanye, mutum ne mai bakin tsiya. Wata safiya da damina ya juye mini 'yan ƙananan karfasa a tabarma.

Na ce, "Wannan kamun ne, ko kyanwa ce ta rage maka?"

Ya ce, "Matar Yaya, ku mutanen Nguru da baki kuke su. Da surutu na kama kifi, da ko jirgin ƙasa bai iya ɗauke naki ba."

Matan gida suka kwashe da dariya. Ni kuwa ba a yi mini dariya in kwana da ita. Na ɗauko goran, na ce ya tayar da babur.

Muka nufi wani tafki ta wajen Katuzu. Na tattare zani, na shiga har gwiwa, na fara gogawa. Ko minti biyar ba a yi ba ruwan ya soma rawa. Ya saki baki yana salati. "Matar Yaya, ke mutum ce ko aljana?"

A nan ya kamata in ce masa, to ka gani, daga yau a bar musu tafkin. Maganar tana kan harshena. Amma na ga yadda yake kallona, na ji daɗi, ban so in rage wa abin armashi ba. Ya wurga birgi, komarsa ta jifa, a kansu ina tsaye. Sai da muka haɗu muka ja.

Ni na gyara su da hannuna. Kowacce na tsaga, ƙwai ya zubo mini a yatsu, har na cika kwano. Na soya, muka ci, ana ta yabona.

Kafin sati ya sassaƙa nasa goran. Abokansa suka gani, suka yi nasu. Duk damina sai akori-kura ta tsaya a bakin tafkin nan tana lodin kurungu. Ni ce mai bandar, sunana ya kai kasuwa, ban ce uffan ba. Baba ya rasu a tsakanin nan, ban taɓa gaya masa ba.

Damina ta huɗu ƙanen mijina ya zo a sanyaye. Ya ce kurungu sun daina amsa musu, ko zan zo da goran asali. Na je. Na goga har kafaɗata ta ƙage. Ruwan bai ko motsa ba.

Ya ce, "Mutane na cewa ciyawar kacalla ce ta cinye tafkin, wasu su ce ruwan kogi ne aka datse tun daga can sama."

Da na so, da na bar shi a haka, don ciyawar da datse ruwan ma suna da nasu laifin. Amma na fito na zauna a gaɓa, na gaya masa abin da Baba ke yi ranar da suka amsa.

Na jira ya yi mini tsiyarsa, bai yi ba. Ya daɗe yana murza karan a hannu.

"Tun ranar farko kin sani?"

Na ce na sani.

"To me ya hana ki faɗa, Matar Yaya?"

Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, na duƙa ina matse bakin zanina. Ya naɗe birginsa a bushe, ya ce in hau mu tafi.