Hular Wayoyin Kawu da Kitson Kakata

Har yau, in na ji ƙamshin man kaɗanya sai raina ya ɓaci. Umma ta ce na cika riƙo. To, ku saurara ku yi mana hukunci.

Ina 'yar shekara tara Kaka ta zo daga Kano ta zauna da mu a Gorton, unguwarmu a Manchester. Sanyin ƙasar nan ya kama mata yatsu, ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Duk da haka ta ce kitson Sallata ita za ta yi. Kwana biyu muka ɗauka. Ta kitsa layi ɗaya, ta ɗora hannu a kan hita, ta shafa man kaɗanya, ta ci gaba. Shuku ne siriri, irin wanda in mata sun cire ɗankwali a gidan Gwaggo na Moss Side bayan Idi, duk sai an juyo da kaina an gani.

Saura kwana biyu Sallah, Kawu, ƙanen Umma, ya ɗauke ni zuwa Birmingham wai in ga uni ɗinsu, wato jami'ar da yake karatu. Bincikensa a kan yadda ƙwaƙwalwa ke fahimtar Japananci ne. Daga Manchester har can bai rufe baki ba. Wai masu yaren sai a ƙarshen magana suke faɗin aikin da aka yi, don haka ƙwaƙwalwa kan riƙe komai tana jira. Wai in ma'ana ta karkace, kamar a ce an sha takalmi, ƙwaƙwalwa kan zabura iri ɗaya, in kuma tsarin jimla ne ya karye, ta zabura wani iri. Na ji bayanin nan sau dubu kafin mu sauka daga babban titin motorway.

Ashe kan da zai yi gwaji da shi yake nema. Ya fito da wata hula mai wayoyi kamar taliya, ta ƙi zama a kan kitsona, don dole sai ta taɓa fatar kai.

"Ɗan tsefe mana, 'yar Kawu. Minti biyar ne."

A gidanmu ba a ce wa babba a'a. Da hannuna na tsefe, ina haɗiye kuka. Ya lafta mini wani abu mai sanyi kamar koko, ya kunna mini Japananci, kamar mun yi shekara ɗari. Sakamako? Ƙwaƙwalwata ba ta ce uffan ba. To me za ta ce? Ai ba ta jin yaren!

Da muka dawo, Kaka ta dubi kaina, ta dubi ɗanta.

"Kai, na'urar taka ba ta gaya maka abin da yarinyar nan take ji ba? Ni daga ƙofa na gani."

Ta zaunar da ni ta ce, "Zo nan, ƙawata." Ta kama layin farko, yatsun suka ƙi. Ta sake gwadawa, suka ƙi. A gidan Gwaggo ban cire ɗankwali ba, na ce mura nake yi.

Kaka ta koma Kano da bazara, ba ta sake dawowa ba, Allah Ya jiƙanta. Kawu yanzu Dakta ne, ana gayyatarsa taro. Ni kuma shago nake zuwa kitso, awa ɗaya an gama.

Duk Sallah sai ya ce, "Har yanzu fushi kike?"

Ni kuma in ce ya kawo hular tasa ya auna.