Ɗakin Wuta da Sunan Aro

Duk sanda na ji wani yana tutiya da sunan motarsa, Baffa Sule nake tunawa, kuma ba da daɗi ba.

A unguwar Shifa na tashi, kudancin Riyad. Abbana injiniya ne. Ƙanensa Baffa Sule kuwa, to, shi dai yana nan. Lokacin sanyi kakarmu Inna Dije takan zo mana ziyara daga Kano. Bayan magariba sai mu hau saman bene, Abba ya hura gawayi a kasko, ita kuma ta naɗe ƙafa cikin mayafi ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga ta nan tafe, wa zai yi mata shimfiɗa?" Mu ce ta sauka a wajenmu.

Wata shekara Baffa ya sayo tsohuwar motar Amurka, doguwa mai gurnani, ya manna mata ƙarfe a gefe mai rubutun "Hemi". Shi ma ya manna wa kansa sabon suna, wai Abu Nawwaf. Ranar da ya kai mu kasuwar Utaiƙa sayen dabino, muka yi kiciɓis da abokansa Larabawa. Inna ta yi masa magana da Hausa, ya kau da kai, ya ce musu wata tsohuwa ce yake taimaka wa. Da kunnena na ji, don a lokacin Larabcina ya fi Hausata. Inna ba ta jin Larabci, amma ba a koya wa uwa karanta fuskar ɗanta.

Da yamma ya hawo saman yana kaɗa makulli, bakinsa ba komai sai hemi, hemi. Inna ta dubi Abba.

"Wai mene ne wannan abin da ya ishe mu da shi?"

Abba ya ce, "Inna, cikin inji akwai ɗan ɗaki inda fetur ke kamawa da wuta. Wani rufinsa kamar an kifa ƙwarya, tartsatsin na faɗowa a tsakiya, iska na shiga da fita a sake. Shi ne hemi. Wani kuma rufin a karkace yake, gefe guda sama, gefe guda ƙasa, ana ce masa wej."

"Na Sule fa?"

"Karkatacce ne. Na gaske wayar fulogi ta tsakiyar murfi take shiga, tasa ta gefe. Amma inji ne mai kyau, Inna, ba abin da ya rasa."

Ta ja tsaki. "Ƙwarya dai aka kifa, shi ne har da sunan Bature."

Sai ta gyara zama ta fara. Wai a wani gari akwai maƙwabta biyu, Kifau mai zagayayyen ɗaki, da Jingine wanda uwarsa ta gina masa ɗaki mai karkataccen rufi da hannunta. Ɗakin bai taɓa yoyo ba. Amma Jingine ya ga sunan Kifau ya fi tashe, sai ya ce daga yau shi ma Kifau ne, duk wanda ya kira shi Jingine sun ɓata. Har aka manta da sunan. Ran nan Wuta ta zo baƙunta, ta yi sallama ta ce nan ne gidan Kifau? Ya ce nan ne. Ta shiga ta miƙe tsaye kamar yadda ta saba a zagayayyen ɗaki, kanta ya taɓa inda rufin ya sunkuya, ya kama. Tana ci tana cewa, "Da ka gaya mini gaskiyar ɗakinka, da na rusuna na dafa maka tuwo." Ya fito yana ihu a taimaki Jingine, mutane suna tambayar juna wane ne kuma Jingine.

"Uwarsa kaɗai ta gane sunan," in ji Inna, idonta a kan garwashi. "Sai dai ta tsufa, tulun ruwa ya fi ƙarfinta."

Ni kaina na san kalma ɗaya take jira daga bakin Baffa: ya kira ta Inna. Baffa ya miƙe, ya karkaɗe farar rigarsa.

"Khalas, ya Hajja," ya ce da Larabci, wato ya isa haka Hajiya, ya sauka.

Ba ta ƙara zuwa Riyad ba.

Da na girma na ji cewa su kansu masu ƙera motocin sun ci gaba da buga sunan hemi a kan injinan da ɗakinsu ya daina kama da ƙwarya. Ban yi mamaki ba. Suna ba ya nauyi, kowa na iya ɗauka ya yafa.

Ranar da aka bugo waya daga Kano cewa Inna ta cika, ina tsaye Baffa ya zube a matakala yana rusa kuka, da Hausa tsantsa, ba ko ɗigon Larabci. "Wayyo Inna, Sulenki ne, Inna." Ashe bai manta ba, ajiyewa ya yi. Wallahi ban ji tausayinsa ba, haushi ma ya ba ni.

Yanzu ya tsufa a unguwar Aziziya, ƙarfen ya daɗe da ɓallewa daga jikin motar. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya roƙe shi ya kira shi Sule. Nakan je, don Abba ya ce zumunci wajibi ne. In durƙusa har ƙasa in ce, "Ina wuni, Abu Nawwaf."