Kwamin Kifin Baba

A shekarar da aka samu mulkin kai na ɗauko Baba daga tungarmu ta bakin gulbin Kwara, kusa da iyakar Dahome, na kawo shi Bagudo inda nake ɗinki. Ɓarin jikinsa ya shanye, hannun da ya yi rayuwarsa yana jefa birgin kamun kifi ya koma ko cokali ba ya riƙewa. Ya zo ne ba da son ransa ba. Kullum yana kan tabarma ya juya wa kowa baya, abinci kuwa sai an yi ta lallashi. Na ga in ban yi wani abu ba, mutumin nan zai tafi ya bar ni.

Sai na yi abin da maƙwabta suka kira haukan tela. Na sa magini ya yi mini kwamin siminti a tsakar gida, na sa aka cika shi da ruwan rijiya, na je kasuwar Lolo na roƙi dangi suka ba ni gargaza da kurungu da tarwaɗa masu rai a cikin tulu. Ranar da na juye su, Baba ya ja jiki da kansa har bakin kwamin. Ya ci tuwo a ranar.

Ba a daɗe ba ruwan ya fara lalacewa. Wata irin gansakuka ce mai yauƙi, kore mai duhu, ta shimfiɗa a bango kamar tsohon bargo, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da safe sai in tarar gargaza sun taso sama suna buɗe baki, kafin azahar ɗaya ta juya ciki.

Babu abin da ban gwada ba. Na kwashe ruwa na goge da soso har yatsuna suka tsage. Wani ya ce rana ce, na yi rumfar zana. Wani ya ce inuwar ce ta yi yawa, na cire. Na zuba toka, na sa kainuwa, na ɗauko ruwan gulbi a kan jaki. Ga tutocin bikin mulkin kai da rigunan 'yan makaranta jibge a kan keken ɗinki, masu su suna sintiri. Gari na ta kiɗa, ni ina durƙushe cikin kwami. Na gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta.

Na san inda ɓarnar take, bakina ne ya yi nauyi. Duk wanda ya zo dubiya sai ya jefa wa kifin wani abu don tsoho ya yi murmushi: dusa, gutsuren masa, guntun fura. Wa zai hana baƙo yin alheri? Baba ma rabin tuwonsa can yake zuwa. Na tambaye shi dabara, tunda aikinsa ne. Ya dubi ruwan, ya ce:

“Kamu na iya, ɗana. Ban taɓa rayad da ko guda ba.”

Gargaza suka ƙare, kurungu suka bi su. Saura tarwaɗa ɗaya, ita ma ta daina motsi sai in an taɓa ta. Na ce gobe zan koma Lolo in samo wasu. Ya girgiza kai, ya ce in kama ta a yi masa romo tun tana da sauran daɗi.

Matata ta dafa. Ya shanye tas, har ya tsotse kan, abin da bai taɓa yi ba tun zuwansa. Ina tsaye ina murna kamar wawa. Ya miƙo hannu na wanke masa.

“To, ka yi ƙoƙari, Allah shi yi maka albarka. Yanzu mai da ni gida.”

Ban yi gardama ba, ƙarfin gardamar ma babu. Ranar kasuwa na goya shi zuwa bakin ruwa, ƙanensa ya karɓe shi a cikin jirgi. Har suka sha kwana bai waiwayo ba, yana ta nuna wa mai tuƙi inda zai bi.