Ranar da aka kawo min kurungu aji

Shekarun baya, ina sabon malami, aka tura ni wata firamare a ƙasar Bebeji, ba nisa da dam ɗin Tiga. Ni ɗan Kiru ne, gidan manoma, kifi sai a miya na san shi. Amma a lokacin gani nake duk abin da babu shi a littafina, to babu shi a duniya.

Wata rana ina koya wa 'yan aji huɗu kukan dabbobi, na rubuta a allo cewa kifi ba ya yin sauti. Sai wata yarinya, 'yar wani masunci, ta ce ai kifin babanta yana kuka. Maimakon in tambaye ta yadda yake yi, sai na ce to gobe ta zo mana da shi ya rera mana taken ƙasa. Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa ina ta jin na iya barkwanci.

Washegari ba ta zo ba, haka ma jibi. Ashe yara sun sa ta gaba, suna bin ta har bakin famfo suna kwaikwayon kukan kifi. Ta ce wa mahaifiyarta ita ta gama da boko. Sati guda kujerarta babu kowa, ni kuma girman kai ya hana ni zuwa gidansu.

Ran Litinin sai ga mahaifinta a kan keke, da bokiti ɗaure a baya. Dattijo ne marar hayaniya. Muka gaisa sosai, ya tambayi aiki da mutanen gida, sannan ya nemi izini ya shigo aji. Ya sa hannu a bokitin ya ciro kurungu mai rai, ya riƙe shi a hankali saboda ƙayarsa. Kifin nan ya fara ƙuƙ-ƙuƙ, har 'yan layin baya suna ji. Ni kuma ina tsaye da alli a hannu, rubutuna na nan a allo ban goge ba.

Ya nuna mana cewa wannan ƙarar daga gindin ƙayar gefensa take fitowa idan ya motsa ta. Ya ce akwai wata kuma, gurnani ne ƙasa-ƙasa, wanda masunta suke ji idan suka kara kunne a jikin kwalekwale. Ya ɗauko wani da ya riga ya mutu, ya farke cikinsa, ya nuna mana wata farar jaka mai iska a ƙarƙashin ƙashin baya, ya ce ita ce gangarsa. Daga baya na karanta cewa haka ne: akwai tsokar da ke karkarwa da sauri kusa da jakar, ita kuma jakar ta amsa. Shi dattijon bai taɓa shiga aji ba sai ranar.

Da na raka shi bakin ƙofa, ya ce, “Malam, ban zo don in kunyata ka ba. Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba, shi nake so abokanta su sani.”

Na ce, “Baba, ni na yi kuskure.” Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da yamma na je gidansu na ba ta haƙuri, da safe kuma na maimaita a gaban aji. Ta dawo makaranta, ta ci jarrabawarta, ta wuce sakandare.

Yanzu idan ɗalibi ya faɗi abin da ban sani ba, tambayarsa nake a ina ya gani. Abokaina suna tsokana ta da labarin, ni ma ina dariya. Amma akwai wurin da dariyar ba ta kaiwa. Shekara biyu yarinyar nan ta ƙara yi a hannuna, tana gaishe ni da ladabi, tana rubuta amsa daidai a takarda. Ko sau ɗaya ba ta sake buɗe baki ta yi magana a ajina ba.