Yabon da Aka Yi Mini a Gidan Suna

Da hutun haihuwata ya ƙare, na je gidan rainon da ke kusa da asibitin da nake aiki. Kuɗin da mai gidan rainon ta faɗa ya kusa cinye albashina, har na yi dariya, na ɗauka wasa take. Barin aikin kuma ba zai yiwu ba, don rumfar maigidana a Kurmi wata rana ta kawo cefane, wata rana sai haƙuri.

Maƙwabciyarmu a Sheshe ce ta karɓi yarinyar, 'yata ta fari. Mijinta ɗan dako ne, ita kuma ba ta fita, awara take soyawa a tsakar gida. Da na yi mata maganar biya sai ta ɓata rai. "Haba ƙanwata, 'yar tawa zan raina da kuɗi?"

Duk sanda aka raba tallafin shinkafa a unguwa ita ana ba ta, ni a tsallake ni, wai ina da albashi. Nakan yi mita a ɗaki, in ce mai zaman gida ta fi ni riba. Alhali shinkafar nan ita 'yata take ci da rana, da mai da yaji.

Da yarinyar ta fara magana, Umma take ce mata, ni kuma Anti, yadda yaran gidan suke kirana. Na ce ƙuruciya ce, zai wuce.

Ranar wani suna a dangin maigidana a Zaitawa, muka tafi tare da maƙwabciyar. Ana cikin hidima yarinyar ta yi tuntuɓe da turmi, leɓenta ya fashe. Ni ce kusa da ita a kan tabarma, na miƙa hannu. Ta gogi gwiwata ta wuce, tana kuka tana kiran Umma, ta haye bayan matar. Na rasa yadda zan yi da hannuwana, sai na kama gyaran ɗankwali.

Gwaggon maigidana ba ta ga hannun ba. A wurinsu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban surukai, sai ta ɗaga murya. "Kun ga 'yar mutunci. 'Yan bokon yanzu sai su rungume ɗan fari a gabanka, wannan kuwa ko motsi ba ta yi ba. Wannan ita ce kara irin ta da."

Mata suka yi ta sa mini albarka, ni kuma ina cewa amin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Maƙwabciyata kaɗai ta gani, ta sunkuyar da kai.

A lungu, muna komawa, ta tsaya ta kwance goyon. "Ta yi barci, karɓi ki goya ta. Amma da zanen nan nawa, shi ta saba da shi."

Zanen yana ƙaurin hayaƙi da man suya. Na ɗaura shi, na riƙa takawa a hankali har gida, don kada ta farka ta ga a bayan wa take.